Tarihin Kalmar GOAT: Kirari Ce, Ba Hukunci Ba

 

Yau kalma ɗaya za mu ɗauko mu bi sawunta. Duk mai shiga gidan kallon ƙwallo a Yankara, ko Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa ya san ta: GOAT. Da an fara musun Messi da Ronaldo sai ta fito. Daga can ta tsallako cikin rubutunmu. Mawaƙi ya saki sabuwar waƙa, an ce GOAT. Marubuciya ta kammala littafinta na biyu a WhatsApp, an jera mata hotunan akuya a ƙasan shafin ƙarshe. Kafin mu ci gaba da raba ta kamar goron ɗaurin aure, ya kamata mu san asalinta da nauyinta.

Haruffa huɗu ne na farkon kalmomin Turanci Greatest Of All Time, wato wanda ya fi kowa a fagensa, na da da na yanzu. Sai aka yi dace haruffan suka haɗu suka ba da sunan akuya a Turanci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin ta zama yabo, zagi ce. Shekaru da dama, idan jaridun wasanni na Amurka suka kira ɗan wasa goat, suna nufin shi ne ya yi kuskuren da ya jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa, shi za a ɗora wa laifi.

Wanda ya juya mata akala shi ne Muhammad Ali, ɗan damben nan da aka haifa a garin Louisville na Amurka a 1942 da sunan Cassius Clay. Tun kafin ya zama zakaran duniya yake shelar cewa babu kamarsa. Da ya doke Sonny Liston a watan Fabrairun 1964 ya karɓe kambun masu nauyi, sai ya maimaita wa 'yan jarida maganar yana ihu. A wannan shekarar ya ziyarci Ghana da Najeriya da Masar. A 1967 aka ƙwace masa kambun saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Ya dawo ya sake karɓe shi a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba 1974, inda ya kayar da George Foreman, wanda mutane da yawa suka ɗauka ba mai iya kayar da shi.

A 1992 matarsa Lonnie Ali ta yi rajistar kamfani mai suna G.O.A.T. don kula da sunansa da hotunansa a kasuwa. A 2006 aka sayar da kashi 80 cikin ɗari na wannan haƙƙi a kan dala miliyan 50. Tsakanin nan, a shekarar 2000, mawaƙin Amurka LL Cool J ya fitar da kundin waƙoƙi mai wannan suna, kalmar ta bazu a bakin matasa. A 2018 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita da wannan sabuwar ma'ana. Ka ga ke nan ba wata hukuma ce ta ƙirƙiro ta ba. Mutum ne ya yi wa kansa kirari, aka mayar da kirarin sunan kamfani, waƙa ta ɗauke shi, intanet ta watsa shi duniya.

A nan akwai abin lura. Ali ya yi dambe 61, ya ci 56, an cinye shi sau 5. Rocky Marciano kuwa ya yi 49, ya ci duka, ya ajiye dambe a 1956 ba a taɓa cin sa ba. Amma Ali ake kira GOAT. Dalili shi ne ba ƙidaya kawai ake dubawa ba. Ana duba su wa ka kara da su, me ka sadaukar, kuma wane tasiri ka bari. Waɗannan kuwa abubuwa ne da kowa ke aunawa da nasa ma'auni, shi ya sa musun ba ya ƙarewa. Messi yana da kyautar Ballon d'Or takwas da Kofin Duniya na 2022 a Qatar, Ronaldo yana da biyar da Kofin Zakarun Turai biyar, dattijo kuma ya tuna maka Pele ya ɗauki Kofin Duniya sau uku, a 1958 da 1962 da 1970.

Turanci yana da wata kalmar da ta bambanta da wannan, ita ce undisputed champion, zakaran da ba a jayayya a kansa. Wannan muƙami ne mai sharaɗi. A damben zamani akwai manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da kambunta. Sai wanda ya haɗa su duka a hannunsa ake kira haka, kamar yadda Oleksandr Usyk ya yi a Riyadh a watan Mayun 2024 da ya doke Tyson Fury. A ƙasarmu ma an taɓa gani: a watan Agustan 1963 Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan, a lokacin da hukumomin biyu ne, kuma duk sun amince shi ne zakaran matsakaita nauyi. Wannan ana iya tabbatar da shi da takarda. GOAT kuwa ra'ayi ne.

Yanzu mu dawo gida, domin Bahaushe bai jira Ali ba kafin ya san wannan bambanci. A ƙasarmu ta kudancin Katsina, har zuwa Zamfara da ke maƙwabtaka da Yankara ta hanyar Funtuwa zuwa Gusau, dambe sana'ar kaka ce, wadda aka fi sanin mahauta da ita. Ɗan dambe yana shiga fili ana kaɗa masa kalangu, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ce ba a haifi mai ja da shi ba. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don kowa ya san kirari yake. Amma da an shiga turmi, magana ta koma ɗaya: an yi kisa, ko babu kisa. Kirari na baki ne, kisa kuwa sai ƙasa ta shaida.

Dubi Shago. Mafi yawanmu ba mu ga dambensa ba, ba mu da jerin turamen da ya yi. Abin da ya kawo mana sunansa har yau shi ne waƙar da Ɗan'anace ya yi masa. Maƙaɗi ne ya ɗaga shi sama da sauran 'yan damben zamaninsa a kunnenmu. Wannan ita ce hanyar da GOAT ta bi, sak. Idan kuma kana neman irin ɗaya muƙamin, mai sharaɗi, tsallaka Nijar. Tun 1975, da aka fara a Tawa, jihohin ƙasar suke haɗuwa a gasar kokawa ta ƙasa, wanda ya rage ba a kayar da shi ba ya ɗauki takobi. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗauka. Takobin nan ba a musu a kansa: ko ka ɗauka, ko ba ka ɗauka ba.

To ina matsalarmu mu marubuta? Guda biyu ce.

Ta farko, akuya ba ta canza ma'ana a Hausa ba. Turawa sun wanke tasu, tamu tana nan yadda take. Kowa ya san abin da ake nufi idan an ce wa namiji ɗan akuya ko bunsuru. Ka rubuta cewa marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne akuyar mawaƙan Hausa, ka kai wa wani dattijo a Funtuwa ya karanta, ka ga ko za ku rabu lafiya. Kalmar da sai an yi mata bayani kafin ta daina zama zagi ba ta dace da bakin alƙalaminka ba, sai fa idan a cikin labari ka sa ta a bakin matashin gidan kallo, inda nan ne muhallinta.

Ta biyu, kalma ɗaya tana neman cinye mana goma. Muna da zakara, wanda ya ci gasa. Muna da gwarzo, wanda ya yi fice da naci da juriya. Muna da gagara-badau, wanda aka yi ta gwadawa ya gagara, da gagara-gasa, wanda ba a ma fara haɗa kai da shi. Sadauki da barde na fagen fama ne, fasihi na fagen magana. A tsangaya ma ba a tsallake daga gardi zuwa gwani, sai an bi matakin alaramma. Kowace kalma da awonta. Wanda ya bar su ya riƙe GOAT kaɗai, kamar mai awo ne da ya zubar da tiya da mudu ya ce komai da buhu zai auna.

Kuma hakan na cutar da wanda aka yaba. A gasar rubutun 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littattafan nan sun haura shekara 90 ana karanta su. Idan muka ce wa mai littafi biyu ya fi na da da na yanzu, me muka bar masa ya nema? Yabon gwani ya zama dole, amma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shawarata ita ce: idan kirari kake yi, yi shi a fili, kowa ya san kirari ne, kuma ka yi shi da Hausar da ta fi daɗin kirari. Idan kuwa tarihi ko sharhi kake rubutawa, kawo mana turamen: da wa ya kara, yaushe, me ya bari. Mai karatu zai yanke hukuncin da kansa.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi gwani ɗaya a garinsu, maƙeri ko mai gyaran babur ko ungozoma, ya rubuta sakin layi ɗaya da zai gamsar da mu fifikonsa, ba tare da ya ce ya fi kowa ba.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.