Jiragen Kamun Kifi: Daga Tekun Sin Zuwa Gulbin Maraɗi

A ƙididdigar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, jiragen kamun kifi a duniya sun kai kimanin miliyan 4.1 a 2020. Kusan kashi biyu cikin uku suna Asiya, Sin kuwa ce kan gaba da 564,000. Afirka na da kusan kwata, amma yawancin nata kwale-kwale ne marasa inji. Lissafin kan ruɗi mai karatu, domin kwale-kwale da jirgin da ke shafe watanni a teku duk "ɗaya" ake rubuta su.

Nijar kuwa ba ta da gaɓar teku. Masuntanta suna kogin Kwara, da tafkin Chadi ta wajen Difa, da tafkin Madarumfa a jihar Maraɗi.

A yankin Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta wannan jiha, kamun kifi sana'ar damina ce. Gulbin Maraɗi, mai tasowa daga ƙasar Katsina, ba ya riƙe ruwa duk shekara. Idan ya janye, kifi kan maƙale a tabkuna, masu koma da ƙugiya su shiga da ƙafa su kwaso tarwaɗa. Da rani sai banda daga kasuwa.