Labarin Bindigar Toka da Masu Gwada Hannu

Wanda ya san ƙauyukan yammacin Kano, wajen Kabo da Gwarzo, ya san ƙarar bindigar toka. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, lokacin farauta ya matso, maharba sukan fito da bindigoginsu su goge. Wani kuwa sabuwa ya karɓo daga maƙera, yana so ya ga halinta. Sai abokai uku ko huɗu su fita bayan gari, su jingina sakaina ko katangar tulu a jikin suri, su ja da baya, kowa ya gwada hannunsa. Ba alƙali, ba kyauta. Wanda ya samu a yaba masa, wanda ya kuskure a yi masa dariya. Wataƙila ɗan makaranta ya wuce ya ce wannan wasan mutanen dā ne. To, mu dai muna so mu nuna muku akwai tarihi da darasi cikin wannan wasa.

Mu fara da sunayen. Bindiga, albarushi, harsashi, duk ukun daga Larabci muka aro su. Wannan ya nuna ta arewa da gabas muka fara jin labarinta, ko da ya ke asalin albarushi daga ƙasar Sin ya ke, inda aka gano haɗa gawayi da farar wuta da wani irin gishiri tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Maƙwabtanmu na Barno sun riga mu riƙe ta sosai, gama Mai Idirisu Aloma, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 16, ya samo Turkawa masana bindiga, suka horar masa da bayinsa.

A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya ce zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi daga Nupe, da bindigogi. Ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ku lura, waɗannan ta kudu suka zo. A lokacin nan Turawa suna sayar da bindiga a bakin teku, suna karɓar zinariya da bayi. Cikinsu har da mutanen Danmak, masu ganuwa a Ankara ta ƙasar Gana, waɗanda suka sayar wa Ingilishi wurarensu a 1850. Da sunansu ake kiran irin wannan doguwar bindiga da Turanci har yau.

Amma kada ku zaci tun daga ran nan kowa ya sami tasa. Bindiga kayan fada ce, sarakuna ba su yarda ta yawaita hannun talakawa ba, galibi bayin sarki ake damƙa wa. Ƙasar Gwarzo tana bakin iyakar Kano da Katsina, a ƙarni na 19 kuwa yammacin Kano ya sha harin Maraɗawa. Duk da haka, abin da mutanen garuruwan nan suka dogara gare shi ganuwa ce, da kwari da baka, da mashi, da doki. Ba don jahilci ba ne. Gwanin baka yakan saki kibau da yawa kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya.

Ga yadda ɗurin ya ke. A tsai da bindiga, a zuba albarushi ta bakinta, a tura tsumma a danna da sanda, sa'an nan a zuba harsashi na dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a sāke dannawa. In an ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi, hayaƙi ya turnuƙe. Cikin bututunta sumul ya ke, ba shi da zanen nan mai murɗa harsashi ya tafi sak, sabo da haka in abin bara ya yi nisa sai sa'a. In ruwan sama ya taɓa albarushi kuwa, ta zama sanda. Shi ya sa ake mata laƙabi da harbi-ka-ruga.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka ga abin da bindiga ke iyawa in ta haɗu da horo. Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. Rabe ya ci Barno a 1893 da runduna mai bindigogi wadda ta saba jeri da bin umurni. Sarkin Kano Alu, 1894 zuwa 1903, shi ma ya tara 'yan bindiga, har ana masa kirari da Mai Sango, sango kuwa shi ne mashin nan da ake ɗurawa cikin bindiga don harbin giwa. Amma a 1890 manyan ƙasashe sun riga sun taru a birnin Burasal, sun ƙulla yarjejeniyar hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, suka bar ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Watau an bar mana tsohon yayi, an riƙe sabo.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya shiga Kano da soja da ba su kai 1,000 ba. Suna da igwa, da bindiga mai ruwa wadda Maxim ya ƙago a 1884, mai zubar da harsashi kamar 600 cikin minti ɗaya. Kafin watan ya ƙare aka kara kusa da Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya rasu a can tare da jarumawa masu yawa. Ba wanda zai ce mutanen nan sun kasa wajen zuciya. Abin da ya rinjaye su shi ne ingancin makami, da sojan da aka yi wata da watanni ana koya masa auna abin bara.

Bayan wannan, yaƙi ya ƙare, bindigar toka ta rabu gida biyu. Kashi ɗaya ya zauna a fada, inda 'yan bindiga ke ɗura albarushi zalla su harba sama ran hawan salla, ko ran naɗin sarauta. Wannan hawa na Kano ne hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2024. Kashi na biyu ya sauka ƙauye, hannun maharba da manoma masu korar birai da gyado daga gona. Maƙeranmu suka koyi ƙera ta da bututun ƙarfe, ta yi araha. A nan ne gwajin hannu ya zama dole, gama ta fada ƙara ake nema gare ta, ta daji kuwa samu. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A Amurka akwai ƙungiyar masu harbi da bindigar ɗuri, an kafa ta a 1933, suna taruwa a wani ƙauye mai suna Friendship a jihar Indiyana.

Sai dai wasan nan yana da haɗari. Bindigar maƙera, in aka cika mata albarushi, ko aka yi ɗuri biyu bisa mantuwa, takan fashe ta tafi da yatsun mai ita ko idonsa. Don haka tsofaffin maharba ba su harbi sai da tudu ko suri bayan abin bara, ba su juya bakinta wajen mutum, ba su leƙa cikinta in ta ƙi tashi. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 kuma ta sa bindigar ɗuri cikin waɗanda hukuma ke iya hana riƙewa sai da lasin. Yau da 'yan fashin daji suka addabi Zamfara da Katsina da bindigogin zamani, mutanen ƙauyuka da yawa ba su da abin kare kai sai wannan tsohuwa, abin da ya tuna mana da 1903.

To, ya ku 'yan makaranta, ba cewa muka yi ku ɗauki bindiga ba, ba kayan yara ba ce. Cewa muka yi, in kun je hutu gida, ku zauna wurin tsohon maharbin garinku, ku tambaye shi wa ya ƙera tasa, wa ya koya masa, ku rubuta, gama irinsu suna ƙarewa. Ku kuma lura da halinsa. Mutumin da ya san harbi ɗaya gare shi ba ya gaggawa, yakan auna kafin ya zuba, ya natsu kafin ya saki. Kakanninmu sun biya tsada kafin su gane cewa zuciya ba ta wadatarwa sai da sani da horo. Ku da aka kawo wa sanin har gida, Allah ya sa ku riƙe shi da kyau.