Yadda masu gina shafukan intanet ke zaɓar manhajar sarrafa shafi a Gombe

Manhajar sarrafa shafi, wadda ake kira CMS a taƙaice, ita ce ke bai wa ma'aikaci damar wallafa rubutu da hotuna a shafin intanet ba tare da ya san ilimin tsara manhaja ba. A birnin Gombe, mazaunin Jami'ar Jihar Gombe da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ma'aikatun gwamnati, babbar tambaya wajen zaɓarta ita ce wanda zai kula da shafin bayan magini ya miƙa aiki.

Uku ne suka fi shahara, kuma dukkansu kyauta ne. Drupal ta fito a shekarar 2001, WordPress a 2003, sai Joomla a 2005. WordPress ce ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, saboda haka samun wanda ya iya gyaranta bai da wahala. Drupal ta fi dacewa da manyan hukumomi masu sassa da yawa, inda kowane ma'aikaci ke da iyakar abin da zai taɓa, amma ƙwararrunta ba su da yawa. Don darussa da jarrabawa kuwa, makarantu kan koma ga Moodle.

Magini kan kuma duba yanayin masu ziyara. Yawancinsu da wayar hannu suke shiga, suna lissafin kuɗin data, don haka shafi mai nauyi kan kori jama'a. Ana gwada ko salon rubutun da aka zaɓa yana nuna haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ, waɗanda Hausa da Fulfulde ke amfani da su. Idan akwai biyan kuɗi, sai an tabbatar manhajar za ta haɗu da Paystack ko Flutterwave, ko Remita ga hukumomin tarayya.

Kasancewar manhaja kyauta bai kawar da ɗawainiya ba. Ana biyan kuɗin ma'ajiyar shafi da na adireshinsa duk shekara. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshi mai ƙarewa da .ng, hukumar NITDA kuma ke amincewa da na .gov.ng. Ya kamata rajistar ta kasance da sunan mai shafin, domin idan magini ya riƙe ta, rabuwa da shi na iya jawo asarar adireshin.

Tsaro shi ne ma'auni na ƙarshe. An daina tallafin Joomla 3 a watan Agustan 2023, na Drupal 7 kuma a Janairun 2025, kuma shafin da aka bari ba sabuntawa ƙofa ce ga masu kutse. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan ɗalibai ko marasa lafiya alhakin tsare su. Saboda haka ake son yarjejeniyar aiki ta fayyace wanda zai riƙa sabunta manhajar, da kuɗin da aka ware masa a shekara.