GAHAWA DA GORO: WA YA RIGA WANI SHIGA BAKIN BAHAUSHE?

Wannan makon na ɗan jingine labarin soyayyar da muke ciki, zan ja ku zuwa tarihin gahawa, wadda yaran yanzu ke ce wa kofi.

Idan ka tsaya teburin mai shayi a nan Yankara, bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, ka ce a ba ka kofi, Nescafé za a ɗebo cokali guda a kaɗa maka da madara da sukari. Da yawanmu iyakar saninmu da gahawa ke nan. Alhali wannan garin a masana'anta aka dafa shi aka busar, kuma sai a 1938 kamfanin Nestlé ya fito da shi. Ita kuwa gahawa ta girme shi da ɗaruruwan shekaru.

Asalinta ƙwallon 'ya'yan wata itaciya ce ta dazuzzukan Habasha. A ƙarni na 15 sufayen ƙasar Yaman suka riƙa dafa ta suna sha don kada barci ya sace su wajen zikirin dare. Daga nan ta shiga Makka, har a 1511 wani hakimin garin mai suna Khair Beg ya hana shan ta, sai dai hanin bai yi nisa ba. Wato dai musulmi sun sha gahawa sun ƙoshi kafin Bature ya san ƙamshinta.

To a nan tambayata take. Kakanninmu sun yi ta tafiya Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu su shekara bakwai a hanya, me ya hana su dawo mana da ita ta zama ta kowa da kowa? Ni a ganina goro ne ya tare mata ƙofa. Abin da ke kore barci a cikin gahawa shi ne dai ke cikin goro, kuma fatakenmu sun daɗe suna kai da kawowa tsakanin Kano, Katsina da kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Goro ba ya neman wuta, ba ya neman buta, daga aljihu sai baki. Da shi ake ɗaurin aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake gaida sarki. Ina gahawa za ta sami wurin zama a nan?

Kuma kada ka ɗauka Bahaushe bai iya tantance ɗanɗano ba. Ka ba tsohuwa ɓarin goro, tana gatsa za ta gaya maka wannan daushe ne ko sabo, ta ware maka marsa daga ƙanana, ta ture hannunruwa saboda yauƙinsa. Ɗan Laboji na ƙasar Nufe kuwa, a da sai manya. Wannan ilmi ne, ba a makaranta aka koye shi ba.

Duk da haka gahawar hannu ta shigo mana ta ƙofofi biyu, kuma na sha kowace. Ta farko ta alhazai ce, irin ta Saudiyya. Ba a bari ƙwallon ya yi baƙi wajen suya, ana dafa shi da wani ƙwanso mai ƙamshi da Larabawa ke kira hel, ruwan ya fito ɗorawa-ɗorawa. Ba sukari, dabino ne abokin tafiyarta, kuma kaɗan ake tsiyaya maka a finjali, in ka ƙoshi ka girgiza finjalin. Wanda bai saba ba zai rantse magani aka ba shi.

Ta biyu ita ce jabana ta Sudan, kuma ita ta fi kwanta mini. Hausawa sun yi kaka-gida a can, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mairuno a bakin Shuɗin Nilu. A gidan wata dattijuwa da ta taso a can na ga yadda ake yi. Ta soya ƙwallon a ɗan kasko kan garwashi har ya yi baƙi yana maiƙo, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a ƙaramin turmi tare da citta, sannan ta dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Kurɓar farko ɗaci, sai yajin citta ya biyo baya, can kuma wani gardi ya zauna a maƙogwaro. Wajen awa guda aka yi kafin a sha, kuma hirar da aka yi a wannan awar ba ta cikin ledar mai shayi.

Turawa ma yanzu sun mai da ɗanɗanon sana'a. Suna jera kofuna, a zuba ruwan zafi kan niƙaƙƙen ƙwallo, a jira minti 4, a zuƙa da cokali ana ba da maki. Wadda ta kai 80 cikin 100 ita ce ta musamman. Akwai wani iri da ake kira Gesha, asalinsa Habasha, ya yi suna a gasar ƙasar Panama a 2004, tun daga nan kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Ni dai da na ji bayanin, tsohuwar nan mai gatsa goro na tuna, bambancin kawai ita ba ta rubuta maki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, gahawa tana fitowa a ƙasar nan tamu. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noma irin Arabika, wanda duniya ta fi darajantawa a kan Robusta mai ɗaci. Cibiyar binciken koko da ke Ibadan, wadda goro da gahawa duk suna cikin aikinta, tana da reshe a can. Amma ka zagaya kasuwannin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, za ka tarar da goron Shagamu ƙwarya-ƙwarya, da wuya ka sami mai sayar maka da ƙwallon Mambila ko da gwangwani guda.