Tsohon Masinjan Da Ke Cikin Kwamfutarka

Idan ka taɓa gina wa ƙungiyar 'yan garinku shafin intanet, ka san inda gizo ke saƙa. Ka gama komai a kwamfutarka, amma sai ka kai fayilolin kan saba, wato kwamfutar nan ta haya da ba a kashe ta, kafin 'yan uwa a Kumasi ko Jidda su gani. Ni da na fara a nan Ingila wajen 2004, na ɗauka sai na sayi wata manhaja. Ashe masinjan yana cikin Windows tun asali: ka buɗe taga, ka rubuta ftp:// da adireshin sabar, ka ja fayil ka sake shi. Shi ke nan.

Sunansa FTP, kuma ya girmi shafukan intanet da kusan shekara ashirin. Wanda ya fara tsara shi, Abhay Bhushan, ɗan Indiya ne da karatu ya kai jami'ar MIT a Amurka, ka ga ai baƙo ne irinmu. Ya fitar da takardar ranar 16 ga Afrilu, 1971. A lokacin, layin ARPANET bai wuce wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike ƙalilan ba. An yi ta gyara har 1985, da Jon Postel da Joyce Reynolds suka rubuta tsarin da ake bi har yau.

Tsoho kuwa ba ya rasa halinsa. Wata rana na yi ƙarambani na bar taga na koma baƙin allon umarni, na tura hotunan hawan salla da kalmar put. Da na duba shafin, fuskokin dattawanmu sun dagule kamar an watsa musu ruwan bula. Dalili? In ba ka rubuta binary ba tukuna, yana ɗaukar kowane fayil a matsayin rubutu, ya riƙa gyara alamar ƙarshen layi, tunda Windows da Unix ba iri ɗaya suke yin ta ba. Ga rubutu taimako ne, ga hoto ɓarna ce. Sai da na kwana ina sake turawa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban aibinsa shi ne kalmar sirrinka tsirara take tafiya a kan layi. Ban ga laifin su Bhushan ba, don a tsakanin mutanen da suka san juna suka yi shi, kamar ƙauyen da ba a kulle ƙofa. Amma ka tuna sau nawa muka shiga sabar ƙungiya daga shagon intanet na bakin titi, ga sunayen membobi da lambobinsu a ciki. Allah ne kawai ya rufa asiri.

A 1995 aka yi satar kalmomin sirri ta sauraren layi a jami'ar fasaha ta Helsinki, sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH, wanda ke lulluɓe duk abin da aka tura. A kansa aka ɗora sftp. Daga nan kasuwar tsoho ta fara watsewa, ko da yake a hankali: Apple ta cire umarnin ftp daga Mac a 2017, Chrome da Firefox suka daina buɗe adireshinsa a 2021. Microsoft kuwa ta sa OpenSSH cikin Windows 10 a 2018.

To, yau ma ba sai ka sayi komai ba. Buɗe baƙin allon, ka rubuta sftp, ka bi shi da sunanka da adireshin sabar. In kamfanin da kuke haya a wurinsa ya ce FTP kaɗai yake da shi, ka tambaye su dalili kafin ku sabunta kuɗin shekara. Kalmar turawa dai ba ta canza ba, put ce har yanzu, kuma hotuna suna isa lafiya lau.