Ƙarin gashin ido: abin da ya kamata a sani kafin a zauna a kujerar mai kwalliya

Ƙarin gashin ido iri biyu ne. Akwai na jere, wanda ake mannawa a bakin fatar ido a cire shi da dare. Akwai kuma na ɗai-ɗai, wanda ake liƙa kowane zare a jikin gashin ido na asali, aikin da kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi wannan na biyun yakan yi makonni kafin ya zube tare da gashin da aka ɗora shi a kai, shi ya sa ake komawa ciko bayan mako 2 zuwa 3.

Yawancin hatsarin daga gam yake, wato kol. Na ɗai-ɗai ana yin sa da sinadarin siyanoakrilet, dangin wanda ke cikin Super Glue, kuma tiririnsa kaɗai kan sa ido ya yi ja. Ƙa'ida ita ce a liƙa zaren kamar milimita 1 daga fata, gam ɗin bai taɓa ta ba, ido kuma a rufe har a gama. Mai kwalliyar da ta ɗauko gam ɗin gashin kai ko Super Glue na kanti, a tashi a bar mata kujerarta, komai arhar aikin.

Kafin ranar, a nemi ta liƙa zare biyu ko uku a jira awa 24 zuwa 48. In an ga ƙaiƙayi ko kumburi, a haƙura, ko da biki ya matso. A duba ko ta wanke hannu, ko ta tsabtace hantsakinta bayan wadda ta gabata, domin ta nan ciwon ido irin na afolo ke yawo. Mai ciwon ido ko ƙurji a fatar ido ta bari sai ta warke.

Tsawo ma abin lura ne. Wani bincike na jami'ar Georgia Tech a Amurka a 2015 ya nuna tsawon da ya fi kare ido shi ne kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. In ya zarce haka sai ya riƙa turo iska cikin ido yana busar da shi. Ga mazauna Maraɗi, Damagaram ko Tawa lokacin hunturu da ƙura, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai nauyi kuma yana tuge gashin asali, wani lokaci ya daɗe bai dawo ba.

Bayan an saka, a kiyaye ruwa a ranar farko, daga nan a riƙa wanke bakin ido a hankali kullum. Masu tsoron wankewa don kada kwalliya ta lalace su suka fi samun kumburi. Mai yana sassauta gam, kuma ba a fizge zaren da hannu. Wadda ta saka ita ke cirewa da maganin narkar da shi.

In gam ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, kada a buɗe fatar da ƙarfi in ta manne, a nufi likitan ido. Haka ma in akwai zafi, ruwa ko gani ya dushe. Kada a sayi maganin ɗigawa wurin masu talla: wasu na ɗauke da kotizon, wanda ke iya tsananta gyambon ido.