Gidan Daji da Garin da Ya Mutu: Resident Evil na Ɗaya da na Biyu a Idon 'Yan Kura

Mu da muka tashi tsakanin Kura da Bunkure a farkon shekarun 2000, kuɗin wasanmu daga gona suke fitowa. Ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya mayar da yankinmu wurin da ba a hutun noma: damina shinkafa, rani tumatir da alkama da albasa. Yaro mai ƙarfi a jika ba ya rasa ƙwadago. Ka tsinki tumatir, ka ɗauki kwando zuwa bakin titi inda motocin Kwanar Gafan suke lodi, da la'asar kana da 'yan canjinka. Wasu su sayi rake, wasu su tara kuɗin kayan Sallah, mu kuwa sai shagon gem.

Shagon bai wuce ɗaki ɗaya ba: talabijin biyu, benci, PlayStation ta farko mai launin toka, da ƙaramin janareto a waje. Kusan kowa ƙwallo yake zuwa bugawa, ko dambe. Amma a ƙasan jakar faya-fayen da mai shago yake sarowa daga Sabon Gari akwai waɗansu da ba a cika taɓawa ba, kuma a cikinsu muka tsinci Resident Evil. Abin dariyar shi ne da na biyu muka fara. Sai da muka ƙare shi muka nemo na ɗaya, kamar wanda ya karanta littafi na biyu na In Da So Da Ƙauna kafin ya samu aron na farko. Tun lokacin muke gardamar wanne ya fi, kuma har yau ba mu gama ba.

Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da na farkon ranar 22 ga Maris, 1996. Can gida sunansa Biohazard, aka sauya masa suna a Amurka saboda akwai masu amfani da wancan sunan tuni. Shinji Mikami ne ya ba da umarni, amma ba daga sama abin ya faɗo ba. Ubangidansa, Tokuro Fujiwara, ya taɓa yin wani wasa mai suna Sweet Home a 1989, labarin mutanen da suka maƙale a wani gida mai fatalwa, shi ya sa Mikami ya sabunta shi da sabuwar na'ura. Daga Faransa kuma akwai Alone in the Dark na 1992, wanda aka ari dabararsa ta kafe kyamara wuri guda. Da wannan wasa ne Capcom ta raɗa wa irin waɗannan wasanni sunan da suke amsawa har yau, wato wasan tsoro da neman tsira.

Labarin gajere ne. A watan Yulin 1998, wata runduna ta musamman ta 'yan sandan garin Raccoon ta shiga dajin duwatsun Arklay neman 'yan uwanta da suka ɓace. Karnuka suka far musu, matuƙin jirginsu ya tsere, waɗanda suka rage suka faɗa wani tafkeken gida suka rufe ƙofa. Kai kuma za ka zaɓi Chris Redfield ko Jill Valentine. A hankali za ka gane cewa ƙarƙashin gidan akwai ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin magunguna mai suna Umbrella, cewa wata ƙwayar cuta ce ta kuɓuce ta mayar da ma'aikata gawarwaki masu tafiya, kuma shugaban rundunarku, Albert Wesker, ɗan amshin shatan kamfanin ne.

Gawarwakin ba su ne ainihin abin tsoron ba, don tafiyar hawainiya suke yi. Abin da yake tayar da hankali shi ne lissafi. Chris kaya shida kawai yake iya ɗauka, Jill takwas. Bindiga guri ɗaya, harsashi guri ɗaya, ganyen magani guri ɗaya, ga makullai. Harsashin da ke gidan ba na ɓarna ba ne, dole ka koyi wanda za ka harba da wanda za ka kauce wa. Hatta ajiye inda ka tsaya ba kyauta ba ne: sai ka samu tafireta, sai kana da zaren tawada, kuma zaren ƙidayayye ne. Ɗan manomi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Mun ga iyayenmu da buhun taki ɗaya da gonaki uku, suna auna wacce za a ba, wacce za a bar wa Allah. Mun san rumbu a watan Agusta.

Sannan ga kyamara. Ba ta bin ka, a kafe take a kusurwar ɗaki, sau da yawa kana jin nishin abu amma ba ka ganinsa. Duk ƙofar da za ka shiga sai allo ya yi baƙi, ƙofar ta bayyana ita kaɗai, ta buɗe a hankali da ƙara. Gaskiyar magana dabara ce ta ɓoye lokacin da na'ura take ɗauko ɗaki na gaba daga faifai, amma gazawar na'urar ta zama rabin tsoron. Ranar da karnuka suka fasa taga a dogon lungun nan suka diro, wani yaro da ke bayanmu ya faɗo daga benci, mai shago ya leƙo yana cewa, "Kai, ku yi mini a hankali da hannun gem ɗin nan, ba na ubanku ba ne!"

Na ɗaya ya sayu, kwafi miliyan 2.75 a fitowarsa ta asali, don haka ba makawa a yi na biyu. Mikami ya koma furodusa, ya miƙa umarni ga Hideki Kamiya, saurayin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a na farko. Nan aka yi abin da ba kasafai ake yi ba. Aiki ya wuce rabi nesa, sai a farkon 1997 aka duba aka ga bai yi armashi ba, aka watsar da shi gaba ɗaya. Masoya wasan suna kiran wannan da aka zubar Resident Evil 1.5. Aka ɗauko marubucin fina-finan talabijin, Noboru Sugimura, ya sake gina labarin. Shi ya sa aka cire jarumar farko, Elza Walker, aka kawo Claire Redfield, ƙanwar Chris, don a ɗaure labarin biyu da igiyar jini. Don rarrashin masu jira, Capcom ta sake fitar da na ɗaya a 1997 haɗe da ɗanɗanon na biyu. Duk wanda ya saba da kasuwar fim ta Kano, inda sau da yawa kashi na biyu ragowar na ɗaya ne aka ja shi don a sake cin kuɗi, zai ji mamakin kamfanin da ya zubar da aikin shekara guda.

A watan Janairun 1998 Resident Evil 2 ya fito, faifai biyu, ɗaya na Claire, ɗaya na Leon Kennedy, ɗan sandan da ranar farkonsa ta aiki ta zo daidai da mutuwar gari. Wata biyu ke nan bayan abin da ya faru a daji. Na ɗaya yana farawa da shiru a babban falo. Na biyu kuwa yana jefa ka tsakiyar titi, tankar mai tana ci da wuta a bayanka, gawarwaki sun taso maka ta ko'ina, harsashinka bai taka kara ya karya ba. Yawancinmu a wannan titin muka fara mutuwa, tun kafin mu gane yadda ake juya mutumin.

Kusan ta kowace fuska ta sana'a, na biyu ya fi. Hotunan sun fi kyau, maƙiya sun fi yawa a allo, wanda ya ji rauni yana dafe ciki yana ɗingishi, ba sai ka buɗe allon lafiya ba. An daina ɗaukar 'yan wasa na gaske a bidiyon buɗewa kamar yadda aka yi a na ɗaya, inda Turancin ma har mu da ba mu iya ba muka ji wani banbaraƙwai. Mutanen labarin sun samu zuciya: William Birkin, masanin da ya yi wa kansa allurar ƙwayar da ya ƙirƙira bayan sojojin kamfaninsa sun harbe shi, matarsa Annette, 'yarsu Sherry da take yawo ita kaɗai a ofishin 'yan sanda, Ada Wong da ba a san inda ta dosa ba, da shugaban 'yan sanda Brian Irons, wanda kamfanin ya daɗe da saye shi.

Babbar sabuwar dabarar ita ce labarin yana da fuska biyu. In ka gama da Leon, sai ka saka faifan Claire ka ga abin da take yi a daidai wannan lokaci, ko ka fara da ita ka bi da shi. Kuma abin da na farko ya yi yana shafar na biyu. Akwai wata ma'ajiya a ɗakin makamai da ke da bindiga mai sarrafa kanta da jakar ƙarin kaya. In na farko ya kwashe duka, na biyu zai tarar da wayam. A shagonmu wannan ta haifar da rigima ta gaske, domin mutum biyu ne suke raba kuɗin, kowa da faifansa. Rigimar kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce ta mai gona a bakin kanal da mai gona a wutsiya: na sama ya sha ya ƙoshi, na ƙasa ya kwana yana jiran ruwa. Ita ce kuma, in aka faɗaɗa, tsakaninmu da mutanen fadamun Hadeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu bayan an datse ruwa a Tiga.

Akwai wani dalilin da ya sa labarin bai zo mana a matsayin tatsuniyar Turawa ba. A shekarar da wasan farko ya fito, 1996, annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, mafi yawa a Arewa. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya yi gwaji da ya shafi yara kusan 200 a Asibitin Zana da ke Kano, inda aka ba wasu sabon maganinsa Trovan, wasu kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Jaridar Washington Post ta fallasa zancen a Disambar 2000, aka yi ta shari'a, kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su ba maganin ba, a 2009 kuma aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Umbrella ƙagaggen kamfani ne, kuma zalunci ne a daidaita wasa da rasuwar 'ya'yan mutane. Amma yaron da ya girma yana jin manya suna wannan hira a majalisa, ya kuma ga yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, ba sai an fassara masa takardun da ake tsinta a cikin wasan ba kafin ya gane inda aka dosa. A nan na biyu ya fi kusa da mu. Na ɗaya sirri ne a cikin daji, irin gidan da ake hana yara zuwa. Na biyu gari ne sukutum, da kantuna da motocin haya da hukuma, kuma cutar ta bi ta magudanar ruwa ne a jikin ɓeraye.

Duk da haka, da yawanmu mun tsaya a kan cewa na ɗaya ya fi ban tsoro, kuma muna ganin da gaskiyarsu. Na biyu yana da kyauta. Bayan wahalar farko, harsashi yana samuwa, Leon yana ƙara wa bindigoginsa ƙarfi, kafin ƙarshe kai ne kake farauta. Kamiya mutumin faɗa ne da gudu, shi ya sa wasansa na gaba, Devil May Cry na 2001, wanda ya faro a matsayin wani Resident Evil, ya rikiɗe ya zama na sara da harbi zalla. Ofishin 'yan sandan ma, da makullansa masu alamun karta da gumakan da ake turawa, gidan dajin ne aka sake wa fenti. Abin da ya ceci na biyu daga zama fim ɗin harbe-harbe halittu biyu ne: mai dogon harshen nan marar ido da ke bin rufi, da ƙaton mai doguwar riga da ke fasa bango ya biyo ka a zagaye na biyu. Amma na ɗaya yana da abin da ya fi su. Bayan ka sha wuya ka share gidan, ka fita bayan gida ka dawo kana ganin ka san ko'ina, sai ka tarar an cika shi da wasu koraye masu tsalle da ke iya fille kai da sara ɗaya. Wurin da ka ɗauka naka ne ya sake zama na wani.

Kasuwa dai ta yanke nata hukuncin: na biyu ya sayar da kwafi miliyan 4.96 a PlayStation. An sake gina na ɗaya a 2002, na biyu a Janairun 2019, da kyamara mai bin bayan mutum, kuma ƙannenmu da suke kallonsa a YouTube ta waya ba su san wata ƙofa mai buɗewa a hankali ba.

Akwai kuma wani abin da mutanen Capcom ba su saka a lissafi ba. Katin ajiya ɗaya ne a shagon, mai gurabe 15, kuma 'yan ƙwallo suna da nasu haƙƙin a ciki. Wata rana muka dawo daga yankan shinkafa muka tarar an goge mana aikin mako uku, don wani ya ajiye gasar da yake bugawa. Wuta kuma tana iya ɗaukewa kana tsakiyar lungu, minti arba'in rabonka da tafireta, kana riƙe da zaren tawada biyu da ka ƙi amfani da su don tattali. Sai allo ya yi baƙi, ɗaki ya yi tsit, kowa ya juya yana kallon mai shago ko akwai mai a janareto.